Kunzugun manya

Kunzugun manya, wanda a kemis da kasuwa aka fi sani da famfas na manya, kaya ne mai tsotse ruwa da ake ɗaura wa baligin da ba ya iya riƙe fitsari ko bayan gida. Sunan ya haɗa da 'yar audugar da ake liƙawa a cikin kamfai, da mai siffar wando, da mai maɗauri a gefe, har da shimfiɗar da ake sawa a kan katifa. Ba ya warkar da ciwo. Aikinsa shi ne ya raba fata da danshi, ya tsare tufafi da shimfiɗa, ya kuma rage wari, ta yadda mai lalurar zai iya shiga mutane.

Masu buƙatarsa

Likitoci sun kasa rashin riƙe fitsari gida-gida. Akwai wanda fitsari ke kufce masa idan ya yi tari ko atishawa ko ya ɗaga kaya mai nauyi, kuma wannan ya fi samun matan da suka yi haihuwa da yawa. Akwai wanda fitsari ke matsarsa farat ɗaya, kafin ya kai makewayi ya zubo. Akwai wanda mafitsararsa ke cika ba ta juyewa duka, sai ya riƙa ɗiga, kamar yadda ake gani a dattawa maza masu kumburin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da wasu masu ciwon suga. Sai kuma wanda mafitsararsa lafiya lau take, amma shanyewar ɓarin jiki ko karayar ƙugu ko gigin tsufa ya hana shi isa makewayi a kan lokaci.

A wajen Hausawa lalurar da aka fi ji ita ce yoyon fitsari, wato hujewar da doguwar naƙuda ko yankan gishiri ke jawowa tsakanin mafitsara da gaban mace. Wannan tiyata ce maganinta. Cibiyar Babbar Ruga da ke Katsina, inda likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara aiki a farkon shekarun 1980, da cibiyoyin Ningi da Abakaliki, duk domin ita aka ware su. Kunzugu a nan na jiran lokacin aiki ne, ko na wadda aka yi wa aikin bai kama sosai ba.

Tarihi

Kafin zuwan kayan masana'anta, tsumma ne abin dogaro a ko'ina. A ƙasar Hausa tsohon zani ake yagawa a ninka, a wanke, a shanya, a sake ɗaurawa, majinyaci kuma a sauke shi daga katifa zuwa tabarma. Asibitoci daga baya sun kawo shimfiɗar roba da ake kira makintosh, wadda har yanzu ana ganinta a ɗakunan haihuwa. Tana tsare katifa, amma ba ta shan ko ɗigo, don haka majinyacin a cikin jiƙar yake kwana in ba a sauya zanen da ke samanta ba.

Asalin kunzugun da ake yarwa yana komawa ga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Audugar ɗaure rauni ta yi ƙaranci, sai kamfanin Kimberly-Clark na Amurka ya samar da madadinta daga ɓargon itace, mai suna Cellucotton. An ce ma'aikatan jinya mata a fagen daga a Faransa su ne suka fara amfani da ita lokacin al'ada, kuma daga nan aka fito da audugar mata ta Kotex wajejen 1920. A farkon shekarun 1940 wani kamfanin takarda a Suwidin, Pauliström, ya yi shimfiɗar takarda mai laushi da ake cusawa cikin wandon roba na jarirai. A Birtaniya, wata uwa mai suna Valerie Hunter Gordon ta ɗinka irin nata wajejen 1947 daga tsohuwar lemar saukar sojoji, ta sa masa suna Paddi. A Amurka kuma Marion Donovan ta yanka labulen banɗaki ta yi murfin kunzugu da ruwa ba ya ratsawa, aka yi mata rajistar mallakarsa a 1951. Masu rubuta tarihin abin ba su daidaita a kan wanda ya riga wani ba.

Kamfanin Procter & Gamble ya fito da Pampers a 1961, sunan da ya zama na kowane irin kunzugu a bakin 'yan Najeriya. Na manya ya daɗe bai biyo baya ba. Kamfanin ya fara sayar da Attends ga asibitoci da gidajen tsofaffi a ƙarshen shekarun 1970, sannan Kimberly-Clark ya kawo Depend cikin shaguna wajejen 1984. Matsalar da suka ci karo da ita ta kunya ce, domin mutane ba sa son a gan su ɗauke da ƙunshin a wurin biyan kuɗi. Sai da aka ɗauko tsohuwar 'yar wasan kwaikwayo June Allyson tana tallarsa a talabijin kafin ciniki ya buɗe.

Abin da ya sauya sana'ar baki ɗaya wani gari ne mai tsotse ruwa fiye da kima. Masu bincike na ma'aikatar gona ta Amurka sun yi aiki a kan irinsa daga sitaci a farkon shekarun 1970, da niyyar riƙe ruwa a gona. Kamfanonin Japan ne suka fara sarrafa shi don kasuwa wajejen 1978, kuma zuwa farkon shekarun 1980 ya shiga kunzugun jarirai. Kafin wannan, kauri ne ke nuna ƙarfin kunzugu. Bayansa aka samu siriri mai ɗaukar fiye da abin da mai kauri ke ɗauka. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ma ta rungumi fasahar. A 1961 ɗan sama jannati Alan Shepard ya yi fitsari a cikin rigarsa saboda jinkirin tashi, kuma a yau 'yan sama jannati da irin wannan wando suke tashi da sauka.

A Japan, inda tsofaffi suka yi yawa, kamfanin Unicharm ya bayyana cewa cinikin na manya ya zarce na jarirai tun wajejen 2011. A 2024 kamfanin Oji ya sanar da daina yin na jarirai don kasuwar cikin gida, ya mai da hankali ga na manya.

Yadda aka ƙera shi

Yawanci hawa huɗu ne. Na saman da ke taɓa fata yadi ne da ba saƙa ba, ruwa na ratsa shi ya bar shi a bushe. Ƙarƙashinsa akwai wanda ke baza fitsarin don kada ya taru wuri guda. Sai cikin, wato ɓargon itace gauraye da garin nan, wanda ke kumbura ya daskare idan ruwa ya taɓa shi, kamar yadda garin rogo ke yi a kofi. Na ƙarshe shi ne bayan, ko dai leda ko yadi mai barin iska ta wuce. Garin na iya shan tsabtataccen ruwa ninkin nauyinsa sau ɗaruruwa, amma gishirin da ke cikin fitsari yana rage wannan ƙarfi ƙwarai, zuwa 'yan gomomi. Wasu na da layi a baya da ke sauya launi idan sun jiƙe.

Zaɓe

Abu uku ake dubawa: yawan abin da ke zuba, ko mutumin na iya tashi da kansa, da faɗin ƙugunsa.

Mai ɗigo kaɗan ba ya buƙatar cikakken kunzugu. 'Yar audugar fitsari da ake liƙawa a kamfai ta wadatar, kuma akwai ta maza mai siffar aljihu. Mata da yawa kan yi amfani da audugar al'ada saboda ta fi araha kuma babu kunyar saye, sai dai an yi ta ne don jini, wanda ke zuwa a hankali. Fitsari na zuwa da yawa lokaci guda, sai ya malale ta gefe.

Mai siffar wando ya dace da wanda ke tafiya da ƙafarsa, yana zuwa kasuwa ko masallaci, domin zai saɓule shi ya mayar kamar kamfai. Masu gigin tsufa ma sun fi yarda da shi, tunda bai yi musu kama da baƙon abu ba. Idan ya ɓaci ana yaga gefensa ne a cire. Aibinsa shi ne sa sabo na buƙatar a tuɓe wando da takalmi. Wanda ke kwance ba ya tashi, ko wanda bayan gida ke kufce masa, mai maɗauri a gefe ne nasa, domin mai jinya zai mirgina shi gefe guda, ya shimfiɗa, ya dawo da shi, ya ɗaure, ba tare da ya ɗaga shi ba. Ana fara ɗaure maɗaurin ƙasa yana kallon sama, sannan na sama yana kallon ƙasa. Shimfiɗar katifa, wadda girmanta da aka fi samu santimita 60 ne a 90, kari ce a kan kunzugu, ba ta maye gurbinsa.

Kuskuren da ya fi yawa a wajen girma yake. Iyali kan sayi mafi girma da zaton zai fi ɗauka, alhali girman na jiki ne, ƙarfin tsotsa kuma daban ake nuna shi, galibi da zanen ɗigo-ɗigo a jikin ƙunshin. Kunzugun da ya yi yawa yana barin kafa a cinya, ta nan fitsari ke bi. Ana auna ƙugu da ɗuwawu da tef ɗin tela, a ɗauki wanda ya fi faɗi, a gwada da santimitan da ke rubuce, domin matsakaicin wani kamfani babba ne a wurin wani. Haka kuma haɗa biyu ba ya ninka ƙarfi, saboda bayan na ciki ba ya barin ruwa ya wuce zuwa na waje.

Adadin mililita da ake bugawa a ƙunshi ya fito ne daga gwajin da ake tsoma kunzugun gaba ɗaya cikin ruwan gishiri a auna. A jikin mutum mai zama da juyi, abin da yake ɗauka kafin ya yi yoyo bai kai haka ba ko kusa. Mafitsarar baligi na riƙe kimanin mililita 400 zuwa 600, don haka wanda ke juye ta duka lokaci guda, musamman da dare, yana buƙatar mai ƙarfi. Gidaje da yawa kan haɗa iri biyu, mai sauƙin kuɗi da rana, mai ƙarfi da dare.

Kula da fata

Fitsarin da ya daɗe a jiki yana jiƙa fata ya sa ta saɓa, kuma a wurin wanda ke kwance wannan na share fagen gyambon kwanciya. Ana duba kunzugu kowane 'yan awanni, a sauya nan take idan bayan gida ne. A wanke da ruwa da sabulu marar ƙarfi, a tsane ba tare da gurzawa ba, a shafa man kariya kaɗan. Basilin ko man kaɗe da aka lafta da yawa yana toshe saman kunzugun ya hana shi sha. Rage wa majinyaci ruwan sha don a rage yawan kunzugu yana sa fitsari ya yi kauri da wari, ya kuma ƙara haɗarin ciwon mafitsara. Zazzaɓi, jini a fitsari, ko ruɗewar da ta zo wa tsoho kwatsam, duk na asibiti ne.

A Legas

Hausawan Legas iri biyu ne a wannan batu. Akwai tsofaffin zuri'o'i a Agege da Idi-Araba da Obalende, waɗanda ke jinyar iyayensu a gida, kuma 'ya'ya mata da surukai ne ke ɗaukar nauyin. Akwai kuma 'yan ci-rani da 'yan kasuwar Mile 12 da suka baro iyali a Arewa. Idan ciwo ya kwantar da irin waɗannan, abokan sana'a ne ke jinya na ɗan lokaci, daga nan a haɗa kuɗi a kai mutum gida. Tafiyar Legas zuwa Kano a mota ta kai kimanin kilomita 1,000, kuma a irin wannan tafiya ne wasu ke fara sanin kunzugun manya.

Ana samunsa a kemis-kemis da ke kewaye da asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da na LASUTH a Ikeja, da manyan kantuna, masu sari kuma Idumota suke nufa. Akwai na waje irin su TENA, akwai na gida irin su Dr. Brown's na kamfanin Wemy. Hukumar NAFDAC ce ke yi masa rajista, kuma lambarta na daga abin da ake dubawa, domin ana sayar da wasu a buɗe, ɗai-ɗai, babu suna babu kwanan wata. Farashi ya tashi sosai bayan sakin darajar naira a Yunin 2023, tunda har waɗanda ake yi a gida da kayan waje ake haɗa su.

Zafi da laimar Legas sun sa mai bayan yadi ya fi mai bayan leda daɗin zama, ko da yake na ledar ya fi tsare wari. Laimar kan lalata ƙunshin da aka buɗe aka ajiye a ƙasa, musamman da damina. Masu komawa ga kunzugun yadi da ake wankewa saboda tsada suna fuskantar ƙarancin ruwa da wurin shanya a gidajen haya masu makewayi ɗaya. Wanne ya fi sauƙi a ƙarshen wata, ra'ayi ya bambanta.

Tsarki da sallah

Malaman fiƙihu suna kiran lalurar salasi. A mazhabar Malikiyya, fitsarin da ke lazimtar mutum rabin lokaci ko fiye ba ya warware alwala, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce an so mai shi ya sake alwala ga kowace sallah. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun wajabta wankewa da ɗaure wurin da sabunta alwala bayan shigar lokaci. Game da sauya kunzugu kafin kowace sallah da limancin mai salasi, akwai saɓani.

Zubarwa

Ana zubar da bayan gidan a masai, a naɗe kunzugun, a ƙulle shi a leda, a sa cikin sharar da motocin da ke aiki ƙarƙashin hukumar shara, kamar LAWMA a Legas, ke kwashewa. Ba a jefa shi a masai ko kwata, domin garin cikinsa na ci gaba da kumbura ya toshe hanyar ruwa.