Wane Inji Ya Dace da Tsohuwar Motar Daji? Tambayoyi da Amsoshi

Tsohuwar Land Rover, ko Toyota Land Cruiser ƙirar FJ40, ko Jeep CJ, sukan yi shekara arba'in ko hamsin shasi da bodi na nan da sauran ƙarfi, sai inji ya fara gajiya. Ga tambayoyin da masu irin waɗannan motoci suka fi yi idan lokacin sauya inji ya zo.

Injina na shan baƙin mai yana hayaƙi. Lokacin sauya shi ya yi ke nan?

Ba lallai ba. Kafin a sauke inji, a sa bakanike ya auna matsin kowace silinda, ya kuma auna ƙarfin bugun baƙin mai bayan injin ya yi zafi. Sau da yawa matsalar ba ta wuce ringi da ya cinye, ko gaskit da ya ƙone, ko kafireta da ke ambaliyar mai ba. Injinan wancan zamani an ƙera su ne don a kwance a sake ɗaurawa. Injin fetur mai lita 2.25 da Land Rover ta fito da shi a 1958, da injin 2F mai lita 4.2 da Toyota ta fara sa wa Land Cruiser a 1975, dukkansu ƙarfe ne mai kauri da ke jure garambawul fiye da sau ɗaya. Ni a ganina, muddin gangar injin ba ta tsage ba, gyaran na asali shi ne zaɓi na farko. Yana zama a mazauninsa ba yanka ba walda, giya ta san shi, takardun mota ma sun san shi.

To me ke sa mutane sauyawa?

Dalilai uku ne suka fi yawa: shan mai, rashin gudu a kan kwalta, da wahalar kayan gyara. Injin dizal mai lita 2.25 na tsohuwar Land Rover ƙarfin doki 62 kawai gare shi. A daji ya wadatar, amma a babbar hanya, da kaya, ga hawa, kowa sai ya wuce ka. Shi kuwa 2F ƙarfi ba ya yi masa kaɗan, sai dai shan fetur ɗinsa ba na wasa ba ne. Ya kamata mutum ya tsaya ya gane wanne ne ke damunsa a cikin ukun, domin injin da ke maganin ɗaya yakan ƙara tsananta wani.

Ashe ba wanda ya fi ƙarfin doki ne ya fi ba?

Nan ne mafi yawan masu sauya inji ke yin kuskure. Abin da motar daji ke buƙata shi ne ƙarfin murɗa taya tun injin na juyawa a hankali. Lokacin da kake hawa dutse, ko kana fita daga laka, ko kana ratsa yashi, ba ka son sai ka take totur har ƙasa kafin ƙarfi ya zo, don a nan taya za ta yi ta juyawa a banza tana haƙa wa kanta rami. Injin dizal 200Tdi na Land Rover, wanda ya fara fitowa a cikin motarta Discovery a 1989, ƙarfin dokinsa 111 ne, abin da ƙananan motocin yau da yawa suka zarce. Amma cikakken ƙarfin murɗawarsa yana zuwa ne tun a juyi 1,800 a minti, shi ya sa har yanzu ake nemansa.

Sannan ƙarfin inji ba a iska yake tafiya ba. Ta kulochi yake bi, ya shiga giya, ya bi farfela, ya isa aksil, kafin ya kai ga taya. Kowane ɗaya daga cikinsu an auna shi ne da ƙarfin injin asali. Giyar tsohuwar Land Rover da ake kira Series da sandunan aksil ɗinta na baya an yi su ne don inji mai ƙarfin doki saba'in da wani abu. Ka ɗora musu inji mai ninki biyu, ka saki kulochi da ƙarfi taya na maƙale tsakanin duwatsu, sandar aksil za ta karye, kuma ba a ƙofar gida take karyewa ba. Saboda haka ne wasu masu Series kan sa 200Tdi su cire masa turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, da gangan, su rage masa ƙarfi don giya ta daɗe. Wanda bai san dawan garin ba zai ga kamar asara ce, alhali dabara ce ta wanda ya san motarsa.

Birki ma haka. Motocin nan da yawa birkin ganga ne a tayoyi huɗu. Wanda ya ƙara wa mota gudu bai ƙara mata birki ba, da rayukan mutane yake wasa.

Dizal ko fetur?

Dizal ya fi tsimin mai, ya fi ƙarfi a ƙaramin juyi, kuma tsohon dizal mai famfon mai na ƙarfe ba shi da fulogi da wayoyin wuta da ruwa zai jiƙa idan ana ƙetare rafi. Aibinsa nauyi, ƙara da jijjiga. Fetur ya fi sauƙin nauyi da laushin tafiya, ya fi saurin tashi a wuri mai tsananin sanyi.

Akwai abubuwan da ake mantawa idan za a koma dizal daga fetur. Na farko, juyin dizal bai kai na fetur ba, don haka motar na iya ƙure gudu da wuri, injin na kuka. Tsohuwar Series rabon haƙoran aksil ɗinta 4.7 ne, wato farfela na juyawa sau 4.7 kafin taya ta juya sau ɗaya, shi ya sa wasu ke sauya shi da 3.54 na Range Rover don a rage wa inji juyi, ko su ƙara mata giyar gudu. Na biyu, na'urar da ke sauƙaƙa taka birki tana dogara ne da zuƙar iskar injin fetur. Dizal ba ya samar da wannan zuƙa, sai an tabbatar yana da famfon da zai yi aikin. Ga tankin mai da za a wanke, ga bututun mayar da rarar mai da za a ja, kuma wasu injinan dizal na Land Cruiser wutarsu bolt 24 ce, ba 12 ba.

Waɗanne injina aka fi sawa?

A Land Rover, 200Tdi da ƙanensa 300Tdi na 1994 su ne kan gaba, sai Rover V8 mai lita 3.5 ga mai son fetur. Wannan V8 asalinsa ƙirar kamfanin Buick ne na Amurka, kuma da yake na alminiyam ne ba ya danne gaban mota.

A Land Cruiser, cikin injinan dizal akwai 3B mai silinda huɗu da lita 3.4, da 2H mai silinda shida, sai 1HZ mai lita 4.2 da ya fito a 1990. Shi 1HZ ba shi da turbo, ba ya gaggawa, amma juriyarsa ce ta sa ya yi suna a ma'adinai da hamada. A Amurka kuwa an daɗe ana sa wa FJ40 da Jeep injin Chevrolet V8 mai lita 5.7, saboda yawansa da sauƙin kayansa a can. Mai Jeep CJ da ke da injin AMC mai lita 4.2 yana da hanya mafi sauƙi: injin lita 4.0 da ya biyo bayansa ɗan gida ɗaya ne da shi.

Akwai kuma baƙi da ake ɗauko wa kowace irin mota, kamar OM617 na Mercedes mai silinda biyar, da 4BT na Cummins. Game da 4BT ina da ja. Inji ne mai ƙarfin gaske, amma nauyinsa ya haura kilo 300, ga tsawo ga jijjiga. A ƙaramar jif sai ya durƙusar da sifirin gaba, sitiyari ya yi nauyi, gaban motar ya riƙa nutsewa a yashi.

Idan da hali, ɗan gida ya fi baƙo. Injin da ya fito daga kamfani ɗaya da motar yakan dace da bakin giya da mazauninsa ba tare da dogon ƙere-ƙere ba.

Injin zamani mai ƙwaƙwalwa, wato wanda kwamfuta ke sarrafawa, fa?

Yana da ƙarfi, ba ya shan mai, hayaƙinsa kaɗan ne. Td5 na Land Rover da ya fito a 1998 da jerin LS na Chevrolet duk suna cikin wannan sahu. Sai dai a tuna inda za a kai motar. Tsohon inji idan ya tsaya a daji, mai sifana da ɗan sani yakan lallaɓa shi ya kai gida. Mai ƙwaƙwalwa kuwa waya ɗaya ta tsinke ko na'urar hana sata ta ƙi gane makulli, sai an kawo kwamfuta. Wanda zai saya, ya saye shi da ƙwaƙwalwarsa da duk wayoyinsa da makullinsa daga mota ɗaya.

Ta yaya zan san zai shiga?

Da awo, tun kafin a biya kuɗi. A auna tsawo daga bakin giya zuwa lagireto, a bar wa fanka wuri. A duba kaskon baƙin mai na ƙasan inji, kada aksil ɗin gaba ya doke shi idan sifirin ya lanƙwashe, domin a tsaye za ka ga akwai rata, sai an faɗa rami ake jin ƙara. A duba ɓangaren da salansa ke fita, kada ya ci karo da sandar sitiyari ko farfelar gaba. Misali, turbo na 200Tdi da aka ciro daga Discovery a ƙasa yake, na Land Rover Defender kuma a sama, kuma wannan bambanci kaɗai yakan sauya yawan aikin da za a yi. Lagireto ma dole ya dace da sabon injin, don motar daji takan daɗe tana aiki mai nauyi a hankali, iska ba ta shiga sosai.

Me zan duba a inji na hannu?

Mafi kyau a ji kukansa tun yana cikin motarsa, kuma a tayar da shi da sanyinsa, domin inji mai ɗumi yana ɓoye aibu. A buɗe murfin baƙin mai yana aiki: hayaƙi mai bugowa alamar ringi ne, kumfa mai kama da madara kuma alamar ruwa na haɗuwa da mai. Idan mai bel ɗin taimin ne, kamar Tdi da 1HZ, a sa sabo kafin a ɗora shi, ko da mai sayarwa ya rantse jiya aka sauya. A kuma karɓo shi da kayan jikinsa: sitata, altaneta, famfon mai da mazaunai. Neman su ɗaya bayan ɗaya shi ke tsayar da aiki wata da watanni.

Doka da darajar motar fa?

Lambar inji na cikin takardun mota a ƙasashe da yawa, don haka sai an sanar da hukumar rajista da kamfanin inshora. A Birtaniya motar da ta haura shekara 40 tana iya samun sassaucin gwajin shekara-shekara, amma babban sauyi irin na inji na iya janye shi. A jihar Kalifoniya ta Amurka, idan motar na cikin waɗanda ake gwada hayaƙinsu, ƙa'ida ita ce injin da za a sa kada ya girme ta. A nemi sanin dokar wurin da za a hau motar kafin a kunce ko noti ɗaya.

Masu tara tsofaffin motoci kuma sun fi daraja wadda ke ɗauke da injinta na asali. Ko an yanke shawarar sauyawa, kada a sayar da tsohon. A tsiyaye ruwansa, a ɗiga mai a cikin silindoji, a toshe kafofinsa, a ajiye shi a busasshen wuri. A kuma roƙi mai walda ya yi sababbin mazaunai masu ɗaurin noti inda zai yiwu, ya bar na asali a jikin shasi yadda suke.