Babban yatsa da tsirkiyoyin da ba a kaɗa ba: tambayoyi da amsoshi ga mai koyon jitar bes

A yawancin situdiyoyin Kano, musamman na wajen Zoo Road, daga fiyano ake fitar da sautin bes, wato sautin nan mai kauri da ke ƙarƙashin kiɗa, shi ya sa masu riƙe jitar bes da hannu ba su da yawa, kuma an fi samun su a ƙungiyoyin kiɗa da majami'un Sabon Gari. Matashin da ya sayi jitar yakan koya shi kaɗai ta bidiyon waya, idonsa na kan hannun hagu mai danna tsirkiya, ya manta da hannun dama mai kaɗawa. Tambayoyin nan su ne waɗanda masu koyo suka fi yi mini game da wannan hannu. Na ɗauka mai karatu badame ne, bahago kuwa sai ya juya bayanin.

Me ya sa jitata take gurnani alhali tsirkiya ɗaya kawai na kaɗa?

Domin tsirkiyoyin suna amsa wa juna. Jitar bes ta yau da kullum tana da tsirkiya 4, wato E da A da D da G, daga mafi kauri da ke kusa da fuskar makaɗi zuwa mafi siranta da ke wajen ƙafarsa. E tana karkarwa kusan sau 41 a sakan ɗaya, A kuma sau 55, kuma dukansu a kan jaki ɗaya, wato ƙarfen da ke riƙe gindin tsirkiyoyi a jikin jitar, da katako ɗaya suke, saboda haka girgizar ɗaya tana bin katakon ta isa ga sauran. Idan sautin da aka kaɗa ya dace da na wata tsirkiyar da aka bari sake, sai ta kama amo da kanta ba tare da an taɓa ta ba.

Kowa zai iya gwada wannan. Ka danna firet na 2, wato na biyu cikin siraran ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita, a tsirkiyar D, ka kaɗa da ƙarfi, sannan ka tsayar da ita nan take ba tare da ka taɓa sauran ba. Za ka ji wani sauti ya saura yana yawo, kuma daga tsirkiyar E yake fitowa, domin abin da ka kaɗa yana karkarwa kusan sau 82 a sakan, ninki biyu na nata ke nan. Mai kuntigi, irin marigayi Ɗan Maraya Jos, bai san wannan damuwa ba, tunda tsirkiyarsa ɗaya ce tal. Mai bes kuwa yana kaɗa ɗaya ne yana gadin uku, kuma sauti mai kauri idan ya cakuɗe da ɗan'uwansa ba ya ɓoyuwa, yakan dagula kiɗan gaba ɗaya har mawaƙi ya rasa inda zai ɗora muryarsa.

To, a ina ya kamata babban yatsa ya zauna?

Hanyoyi uku ne aka sani, kuma kowacce tana da masu ita.

Ta farko ita ce a kafe yatsan a kan fikof, wato akwatin maganaɗisun nan da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗaukar sautinsu, a bar shi nan ko wace tsirkiya ake kaɗawa. Mai koyo yana son wannan domin hannu yana samun madogara, kuma yatsu suna saurin gane nisan kowace tsirkiya. Aibinta yana bayyana ne idan aka sauka kan G: hannu ya miƙe, wuyan hannu ya lanƙwashe, E da A kuma an bar su ba mai tsaro.

Ta biyu ita ce madogara mai tafiya, kuma ita nake fara koya wa duk mai tsirkiya 4. Idan ana kaɗa E, babban yatsa yana kan fikof. Idan aka koma A ko D, sai ya sauko ya zauna kan E. Idan aka kai G, sai ya ƙara saukowa kan A, bayansa kuma yana jingine da E, ya riƙe biyu a lokaci guda. Da farko mutum zai ji kamar an ƙara masa aiki, amma idan ya jure, hannun zai riƙa yin wannan ƙaura ba tare da an tuna masa ba, kuma siffar hannun ba ta canzawa daga tsirkiya zuwa tsirkiya, abin da ke sa ƙarfin sautin ya daidaita.

Ta uku ita ce a bar yatsan yana shawagi. Ba a ɗora shi a kan komai, sai dai a kwantar da gefensa a kan dukkan tsirkiyoyin da suka fi wadda ake kaɗawa kauri, hannun gaba ɗaya yana hawa da sauka daga kafaɗa da gwiwar hannu. Wanda ya sayi jita mai tsirkiya 5, wadda aka ƙara mata B mai karkarwa kusan sau 31 a sakan, ko mai 6, a ganina ba shi da mafita da ta fi wannan, domin B ba ta raina dalilin yin ruri, kuma yatsa ɗaya a tsaye ba zai iya tsare tsirkiya uku ko huɗu ba.

Yatsun da ke kaɗawa suna da hannu a kashe sautin?

Suna da shi sosai. Manuniya da yatsan tsakiya, waɗanda ake kaɗawa da su bi da bi, bai kamata su fizgi tsirkiya sama su tashi cikin iska ba. Yatsa yana ratsa tsirkiyar ne ya faɗa kan maƙwabciyarta mai kauri ya huta a nan, wato wanda ya kaɗa G ya sauka kan D, wanda ya kaɗa D ya sauka kan A. Wannan saukar ita ke rufe bakin tsirkiyar da ke kusa, babban yatsa kuma ya ji da na bayanta. Haka nan idan ana son sauti gajere, yatsan da zai kaɗa na gaba shi ke riga zuwa ya zauna kan tsirkiyar, ya yanke sautin farko kafin ya fitar da na biyu.

Tsirkiyoyin da suka fi wadda nake kaɗawa siranta fa?

Wannan rabon hannun hagu ne. Ana kwantar da cikin yatsun, musamman manuniya, a kansu a hankali ba tare da an danna su har firet ba. Sai dai a kula: idan yatsa ɗaya kaɗai ya taɓa tsirkiya daidai kan firet na 5 ko na 7 ko na 12, maimakon ta yi shiru sai ta fitar da wani siririn sauti mai kama da ƙararrawa. Maganinsa shi ne a taɓa ta da yatsu biyu ko fiye, a wurare daban-daban.

Na ga wata tsohuwar jita da ɗan katako a ƙarƙashin tsirkiyoyi. Mene ne amfaninsa?

Lokacin da Leo Fender, Ba'amurke maƙerin jita mai kamfanin Fender, ya fitar da jitar bes ɗinsa mai suna Precision Bass a 1951, ya ɗauka da babban yatsa za a riƙa kaɗa ta, kamar yadda makaɗin bes na Amurka Monk Montgomery ya yi a ƙungiyar kiɗa ta Lionel Hampton. Don haka aka sa ɗan katakon a ƙasan G domin sauran yatsu su kama. Da makaɗa suka koma kaɗawa da manuniya da na tsakiya, sai kamfanin ya mayar da shi saman E a shekarun 1970, ya zama wurin hutun babban yatsa. Ina son wannan labari domin yana nuna cewa masu ƙera jitar ma bin hannun makaɗa suka yi.

Har yanzu kaɗawa da babban yatsa tana da gurbinta. Idan aka ɗora gefen tafin hannu a kan tsirkiyoyi dab da jaki, aka kaɗa da naman babban yatsa, sautin yakan fito gajere, mai taushi da nauyi kamar bugun ganga, kuma yana zama daram a ƙarƙashin kalangu ba tare da ya yi masa shisshigi ba. In tafin ya matsa gaba da yawa sautin zai mutu ɗungurungum, in ya koma kan jakin kuma babu abin da zai kashe, saboda haka da kunne ake neman wurin.

Sa soso a ƙarƙashin tsirkiya ba ha'inci ba ne?

Ko kusa. Tsofaffin jitocin Fender da soso suke zuwa a cikin murfin jaki, kuma James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown na Amurka, da sosonsa ya yi aiki, yana kaɗawa da manuniya kaɗai. Guntun soson katifa ya isa, a tura shi ƙarƙashin tsirkiyoyi dab da jaki, sannan a sake saita jitar domin yakan ɗan ɗaga sautin. Amma a san abin da yake yi: yana gajarta kowane sauti ne, wanda ake so da wanda ba a so, ba ya zaɓe. Ita kuwa robar ɗaure gashi da wasu ke naɗawa a ƙarshen wuyan jita, tsirkiyar da ba a danna ba kawai take ragewa amo. Duka biyun kayan gyaran sauti ne, kuma wanda ya dogara da su tun bai iya hannu ba zai sha kunya ranar da aka miƙa masa jitar wani a wajen biki.

Babban yatsana da wuyan hannuna suna ciwo bayan atisaye. Ina kuskuren yake?

Galibi dannawa ce ta yi yawa. Tsirkiya ba ta bukatar a murƙushe ta kafin ta yi shiru, taɓawa kawai take so, kuma idan farcen babban yatsa ya yi fari ko tsirkiyar ta lotsa har tana taɓa fikof, to ƙarfin ya wuce kima. Abu na biyu shi ne tsawon maɗaurin jita. In ta hau ƙirji sosai, wuyan hannun dama zai karye kamar ƙugiya, in kuma aka jibge damtse a kan gefen jitar, jijiyoyi za su matsu. A ɗaga gwiwar hannu kaɗan, a bar wuyan hannu kusan a miƙe. Ciwon da ya ƙi tafiya bayan hutu, ko yatsu su riƙa mutuwa, na likita ne, kada a ce za a saba.

Yaya zan gane ko hannuna ya fara tsabta, tunda sau da yawa babu wuta ina atisaye?

Wannan ita ce matsalar da ta fi cin masu koyo a garin nan. Jitar bes ba tare da amfilifaya ba kusan bebiya ce, duk gurnanin yana nan amma kunne ba ya kama shi, sai ranar da aka jona ta da manyan sifiku mutum ya ji abin da ya daɗe yana shukawa. Idan babu wuta, ka jingina kan jitar da ƙofar katako ko jikin kabad, katakon zai ɗaga sautin har ka ji tsirkiyar da ke amsawa. Idan wuta ta zo, ka ƙara murya fiye da yadda ka saba, ka ajiye waya tana ɗauka, ka kaɗa sauti ɗaya a kowace tsirkiya daga E zuwa G ka dawo, a hankali ƙwarai, kana barin shiru tsakanin kowane biyu. Shirun za ka saurara a rikodin ɗin, kuma dawowa daga G zuwa E ta fi wuya, domin tsirkiyar da ka baro hannun hagu ne zai karɓe ta.

Akwai kuma wani zuuu da ba laifin yatsa ba ne. Idan ƙarar tana nan ko da ka riƙe tsirkiyoyin duka da tsumma, amma ta ragu da zarar fatar hannunka ta taɓa ƙarfen jaki, to daga lantarki take, kuma wayar jita ko soket ko janareta za a bincika.