Masu kewar tsoffin shafukan intanet, ga amsoshinku a wuri guda

Tambayoyin nan kullum su ne dai, sai mai yin su ya canza. Na tattara su a nan, don Allah a karanta kafin a sake turo min.

Yahoo Messenger zai dawo?

A'a. An rufe shi a watan Yulin 2018. MSN Messenger ya riga shi tafiya tun 2013, BBM, manhajar hira ta BlackBerry, kuma ya bi baya a 2019.

Orkut fa? Google+ fa?

Orkut ya rufe a 2014, Google+ a 2019. Duk na Google ne, kuma shi ya rufe kayansa da hannunsa.

Me ya sa za su rufe alhali muna amfani da su?

Kuɗi. Ajiye hotuna da saƙonnin miliyoyin mutane yana cin wuta da ma'aikata da manyan kwamfutoci. Jama'a sun koma Facebook da WhatsApp, talla ta bi su, masu shafin suka ga asara. Kai baƙo ne a wurin, ko da ka shekara goma kana shiga kullum. Kayan aro ba ya rufe katara.

An turo min adireshi wai an sake buɗe tsohon shafinmu, in sa tsohuwar kalmar sirrina in ga hotunana. In shiga?

Kada ka kuskura. Haba malam, shafin da ya mutu shekaru da yawa, wa ya ajiye maka kalmar sirri? Masu damfara sun san da yawanku ba ku taɓa canza ta ba, ita ce dai a imel, ita ce a banki. Kewarku suke amfani da ita.

To zan iya dawo da rubuce-rubucena da hotunana na da?

Wannan ce tambayar da ta cancanci zama. Amsar ita ce wataƙila, kuma ya danganta da inda ka sa abin.

Fara da Wayback Machine na Internet Archive, wanda ke kwafe shafuka tun 1996. Sai dai kana buƙatar ainihin adireshin shafinka, sunan kamfanin kaɗai ba zai kai ka ko'ina ba. Kuma abin da kowa ke iya gani a fili kawai yake kwafewa. Duk abin da sai an sa kalmar sirri ake ganinsa, kamar saƙon sirri da hira tsakanin mutum biyu, ba ya ciki. Ko ka dace da shafin, sau da yawa za ka tarar da rubutu amma gurbin hotuna fayau, domin a wani wuri daban aka ajiye su. Shafukan da aka gina da Flash, manhajar nuna hotuna masu motsi, ma sukan ƙi buɗewa, tunda kamfanin Adobe ya daina kula da shi a ƙarshen 2020. Gwada ranaku daban-daban, wani kwafin ya fi wani cika.

Idan a GeoCities shafinka yake, kana da ɗan sa'a. Kafin Yahoo ya rufe shi a watan Oktoban 2009, 'yan sa-kai na Archive Team sun kwashe kaso mai yawa, amma ba duka ba. Idan waƙoƙi ka ɗora a MySpace, kada ka sa rai sosai: a 2019 kamfanin ya amsa cewa waƙoƙin da aka ɗora daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta wajen sauya ma'ajiya.

Akwai inda mutane ke mantawa, wato tsohon akwatin imel. Yahoo Groups, wanda aka rufe a Disamban 2020, yana tura wa mambobi saƙonni ta imel, saboda haka mai yiwuwa suna nan kwance, muddin ba a share akwatin ba saboda daɗewa ba a shiga. Duba tsohuwar kwamfutarka ma kafin ka yar. Sannan ka tambayi waɗanda kuka yi zamani tare, wani lokaci hoton da ka rasa yana hannun abokinka. Ban yi maka alƙawarin komai ba, kana iya bin duk waɗannan ka tashi a tutar babu.

Ba wauta ba ce babba da ni in riƙa kewar shafin intanet?

Ko kaɗan, 'yar'uwa. Mutane kike kewa, waɗanda kuka raba dare kuna hira, kuka yi wa juna jaje da barka ba ku taɓa haɗuwa ba. Wasu ko sunansu na gaskiya ba ki sani ba, rana ɗaya aka rufe ƙofa babu sallama. Dole abin ya yi ciwo.

Intanet ta wancan zamanin ta fi ta yanzu daɗi, ko ba haka ba?

Ta wani fannin, e. Zaurukan ƙanana ne, an san juna, saƙo yana zuwa bi da bi yadda aka rubuta shi, babu na'urar da ke zaɓar maka abin da za ka gani. Amma a daina mantawa da jiran hoto ɗaya ya buɗe, da zage-zage da 'yan damfara, duk akwai su tun lokacin.

Yanzu me zan yi?

Abin da ba ka yi ba wancan karon. Facebook yana da wurin sauke duk bayananka, Google yana da Takeout. Sauke su ka ajiye a wuri biyu, kuma mutanen da ka damu da su ka karɓi lambarsu ko imel ɗinsu yau ɗin nan.