Dutin ƙarshen mako da na ranakun aiki: wanne ya fi wa nas nauyi?

Da gaske ne asibiti yakan lafa ranar Asabar da Lahadi?

A ido, haka ne. Daga Litinin zuwa Juma'a nas ba ta samun zama: manyan likitoci suna zagaye, ana shirya waɗanda za a shiga da su tiyata, a tura wannan ɗaukar hoto, a sallami wancan, kafin gado ya huce an kwantar da wani. Idan mako ya ƙare yawancin wannan kai-komo yakan tsaya. Sai dai wanda ke kwance yana nan da ciwonsa. Maganinsa yana da lokaci, rauninsa sai an wanke, ƙarin ruwansa sai an sa masa ido.

To ina wahalar take?

Masu taimako ne suke raguwa. A asibitoci da dama, ɗakin gwaji da ɗakin magani sukan koma hannun mutane kaɗan, likita ɗaya kuma yana riƙe da ɗakuna da yawa. A ce ranar Lahadi da yamma numfashin wani dattijo ya fara sauri, jininsa ya ɗan sauka, ya daina amsa magana kamar yadda yake yi da safe. Da Talata ce, likita yana nan kusa, kalma ɗaya ta isa. Yau kuwa nas ce za ta auna ko a kira likita nan take, ita za ta zaɓi kalmomin da za su sa ya bar abin da yake yi ya zo. Wannan nauyi ba ya bayyana a takardar duti, kuma a ganina shi ne babban bambancin. Ga 'yan dubiya sun cika ɗaki, kowa da tambayarsa, ita kaɗai suke gani.

Hakan yana shafar marasa lafiya?

A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2001, wasu masana biyu, Bell da Redelmeier, sun bi bayanan mutane kusan miliyan 3.8 da aka kwantar a asibitocin Ontario ta ƙasar Kanada. Sun gano cewa a wasu cututtuka masu tsanani, kamar toshewar jijiyar jini ta huhu, mutuwa ta fi yawa ga waɗanda aka kwantar a ƙarshen mako. Masana suna ta muhawara kan dalili: wasu sun ce ƙarancin ma'aikata ne, wasu sun ce masu zuwa asibiti a ranakun dama ciwonsu ya fi tsanani. Ko ma wanne ne, bai dace a ɗora wa nas laifin tsarin da ba ita ta yi ba.

Akwai ƙarin kuɗi?

Ya danganta da ƙasa da kuma asibiti. A asibitocin gwamnatin Ingila, nas tana samun ƙarin kashi 30 cikin ɗari ranar Asabar, kashi 60 ranar Lahadi. A Amurka kuma, asibitin Baylor da ke Dallas ya fito da wani tsari a 1981, inda nas za ta yi dutin awa 12 sau biyu a ƙarshen mako, a biya ta kamar ta yi cikakken mako.

Wa ya fi dacewa da wanne?

Mai karatu ko mai reno takan so ƙarshen mako, duk da cewa lokacin da iyali ke hutawa ita tana bakin aiki. Sabuwar nas kuwa gara ta fara da ranakun aiki, inda za ta ga zagayen likitoci, ta yi tambaya ta samu amsa nan take. Idan ya zama dole a sa ta ranar Lahadi, a haɗa ta da gogaggiya, kuma tun ranar Juma'a a rubuta a fayil abin da za a yi idan jikin majiyyaci ya rikice, da wanda za a kira.