Maganar 5G da matsalar sabis a Kano, dan Allah a karanta kafin a sake tambayata

Sana'ata waya ce a Farm Centre, saye da sayarwa da ɗan gyara, kuma tambayoyin nan kullum su ne dai, a shago a tambaya, a masallaci a tambaya, a WhatsApp cikin dare a tambaya. Na tattara su wuri ɗaya, wanda ya sake turo min ɗaya daga ciki wannan rubutun zan tura masa kawai.

Wai da gaske akwai 5G a Kano?

Akwai. Tun 2022 da MTN ya kunna nasa Kano na cikin birane bakwai na farko, ita da Legas da Abuja da Fatakwal da Ibadan da Owerri da Maiduguri. Amma "akwai a Kano" daban, "akwai a ƙofar gidanku" daban.

Sai na canza layi?

A'a. In dai layinka na 4G ne ya wadatar. Wanda ya ce ka kawo kuɗi ya "ɗaga" maka layi zuwa 5G cutarka zai yi. Tsohon layi ne kawai, irin na tun zamanin 3G, za ka kai ofishin kamfanin da NIN ɗinka su sauya maka.

Wayata ba ta da shi, za a iya saka mata?

Ba a sakawa. Abu ne da ake ƙera wayar da shi, babu manhajar da za ka sauke ta ba ka, babu mai gyaran da zai dasa maka. Ku daina ba yara kuɗi a kan wannan.

A gidanmu Wi-Fi yana rubuta 5G, shi ne?

Ba shi ba ne. Wancan zangon Wi-Fi ne tsakanin rauta da wayarka a cikin ɗaki, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Me ya sa kuɗin data ya tashi amma sabis bai gyaru yadda aka ce ba?

To wannan kam kuna da gaskiyar yin fushi, ni ma ina yi. A Janairun 2025 hukumar NCC mai kula da harkar sadarwa ta amince kamfanoni su ƙara kashi 50 cikin ɗari, su kashi ɗari ma suka nema, kuma hujjar da aka bayar ita ce za a zuba kuɗin a inganta sabis. Amma ku san daga ina aka taso. Lasisin 5G kaɗai da aka yi gwanjonsa a Disambar 2021, lokacin Farfesa Pantami yana minista Farfesa Danbatta yana shugaban NCC, MTN da kamfanin Mafab kowanne dala miliyan 273.6 ya biya, wannan izini ne kawai fa, ba a kafa ƙarfen sabis ko ɗaya ba. Airtel ya zo daga baya ya kunna nasa a Yunin 2023, shi ma da Legas da Ogun da Ribas da Abuja ya fara. Ana cikin haka aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka saki naira a Yuni, dalar da take wajen 460 a hukumance ta haura 1,500 a 2024, alhali duk na'urar da ake ɗorawa a kan ƙarfen sabis daga waje ake shigo da ita da dala, mu kuma da naira muke sa kati. MTN da kansa a 2024 asarar sama da naira biliyan 400 ya bayyana. Kamfanin da yake cikin wannan hali ba zai zo ya baza sababbin na'urori a Rijiyar Lemo da Sheka ba, inda yake ganin kuɗinsa zai dawo da wuri zai fara, shi ya sa aikin ya tafi da rarrafe. Ban ce a yafe musu ba, kun biya kuɗi dole a ba ku abin da kuka biya, amma a san inda matsalar take.

5G yana kawo cuta? An ce shi ya kawo korona.

Haba jama'a, har yanzu? Korona ta shigo Najeriya a Fabrairun 2020, lasisin ma sai ƙarshen 2021 aka sayar. Hajiya ki kwantar da hankalinki, igiyar rediyo ce, dangin wadda kike kama tashoshi da ita shekara da shekaru.

Me ya sa sabis yake ɗaukewa gaba ɗaya wani lokaci, unguwa guda babu kira babu data?

Nan ne nake so a tsaya a saurare ni, domin mutane suna ɗaga kai suna kallon ƙarfe, alhali rabin maganar a ƙarƙashin ƙasa take. Kowane ƙarfen sabis sai an haɗa shi da cibiya, kuma mai 5G musamman wayar faiba yake buƙata, wadda aka binne a gefen titi. In ka sa sabon kan famfo mai tsada amma bututun da ke kawo ruwan ya fashe a hanya, ai ba za ka ga ɗigo ba. Garin nan kuma ko'ina aiki ake, nan ana gadar sama, can ana faɗaɗa titi, can ana haƙa kwalbati, katafila ta kafa haƙori sau ɗaya ta tsinke wayar da unguwanni suke rataye a kanta, direban ma bai san ya yi ba. Ranar 28 ga Fabrairun 2024 da layukan MTN suka ɗauke na awanni a faɗin ƙasa, yankewar faiba a wurare da dama kamfanin ya ce ta jawo. Sati biyu bayan nan, 14 ga Maris, manyan wayoyin ƙarƙashin teku suka samu matsala ta wajen gaɓar Kwaddibuwa, bankuna suka rikice, turansifa ta tsaya a Kantin Kwari da Singa saboda abin da ya faru a cikin teku, mu da ko teku ba mu da shi.

Sai maganar wuta. Yawancin ƙarafan nan ba ma na kamfanin layin ba ne, haya suke yi a wajen kamfanoni irin su IHS, kuma da janareta da man gas da batura suke rayuwa dare da rana tunda wutar Nepa kun san halinta. Motar mai ta makara, ko ɓarayi su haura su kwashe batura, shi kenan unguwa ta shiga duhu.

Kuma bari in yi faɗa a nan. Masu tone waya suna ƙonawa suna neman jan ƙarfe su kai wa 'yan gwangwan, faiba gilashi ne a cikinta siriri kamar gashi, ba za ka samu ko sisi ba, amma ka katse wa mara lafiya kiran motar asibiti. A 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar da ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, taɓa su laifi ne babba. Masu unguwanni da 'yan sintiri, in kun ga ana tono a gefen titi da daddare ku tambaya, sabis ɗinku ne ake haƙewa.

Ƙaramar wayata mai tocila za ta daina aiki?

Baba ci gaba da kiranka. A alƙaluman NCC na 2025 masu 5G ba su kai kashi biyar cikin ɗari na layukan ƙasar nan ba, masu 2G irin taka sun ninka su sau da yawa.

Ina da shago, ko ina so a gida. In sayi rauta mai 5G ko in tsaya a 4G?

Wannan ita ce tambayar da ba na iya amsawa da kalma ɗaya, kuma duk ɗan kasuwar da ya ce maka "saya kawai" bai tambaye ka inda kake zaune ba, cinikinsa yake dubawa.

Abu na farko, 5G ɗin da ake yi a Najeriya a zangon 3.5GHz yake, wanda a takardar waya ake rubuta shi n78. Yana ɗaukar kaya da yawa da sauri amma ba ya nisa kuma bango yana rage masa ƙarfi sosai, sabanin 4G na ƙananan zanguna da yake ratsa gini ya shiga har ƙuryar ɗaki. Saboda haka mutum biyu a layi ɗaya, mai bene da tagarsa ke kallon ƙarfe zai ce maka abin sai wanda ya gani, na gidan ƙasa a cikin lungu da soraye uku kafin a kai tsakar gida ya ce maka ƙarya ne, kuma duk su biyun gaskiya suka faɗa. Cikin gari inda gidaje suka cuɗe da juna, ko rumfar da ke can ƙasan bene a Kwari ko Sabon Gari da kankare sama da ƙasa, ni ba na yi wa kowa alƙawari. Wajen Nassarawa ko Bompai ko bakin manyan tituna an fi dacewa, amma ko can ɗin ma ba kowane gida ba.

To abin da nake cewa a yi shi ne, kar ka yarda da taswirar da kamfani ya saka a shafinsa ita kaɗai, tana nuna maka unguwa ne ba ɗakinka ba. Nemi abokin da yake da waya mai 5G da layin kamfanin da kake so, ka ja shi har wurin da za ka ajiye rautar, daidai wurin, ba ƙofar gida ba. Ku gwada da safe, ku sake gwadawa bayan isha'i lokacin da kowa ya dawo gida ya hau TikTok, domin ƙarfe ɗaya ne jama'ar unguwa suke rabawa, abin da ka gani da hantsi ba lallai ka gan shi da dare ba. Kuma kar alamar 5G a saman waya ta ruɗe ka, irin tsarin da aka fara da shi a nan yana jingine ne a kan 4G, wani lokaci alamar tana nan amma gudun na 4G ne, buɗe bidiyo ka tura fayil ka gani da idonka.

Sannan me za ka yi da shi? In kafe gare ka kana yi wa ɗalibai rajista ta intanet, ko kana ɗora bidiyo masu nauyi, ko gidanku mutum goma ne kowa da waya, kuma gwajin ya yi kyau, to ina ganin zai biya ka, musamman wajen tura abu sama. In kuwa POS ne sana'arka, gaskiya ba gudu kake nema ba, sabis da ba ya yankewa kake nema, turansifa ɗaya ba ta cin komai na data, kuma sau da yawa in ta maƙale daga wajen banki ne ba daga layinka ba. Kai abin da zai cece ka shi ne layi biyu na kamfanoni daban-daban, in wannan ya faɗi ka koma wancan, duk da cewa wani lokaci ƙarfe ɗaya suke haya su faɗi tare, wannan kuma sai haƙuri.

Ka kuma lissafa wuta. Babbar rauta ba kamar ƙaramar ta aljihu ba ce mai batir a ciki, wasu sai an jona, in babu sola ko ɗan abin ajiyar wuta a gidan ka sayi abin da zai yi aiki ne kawai sanda aka kawo wuta. Ka tambaya kafin ka biya ko tana karɓar layin wani kamfani, yawancin na kamfanoni a kulle suke da layinsu, in ka tashi daga Hotoro ka koma Ɗorayi ka tarar can ba sa ja, ta zama kayan ado. In duk wannan bai fito maka fili ba, tsaya a 4G ɗinka tukuna, babu abin kunya a ciki, ka sake gwadawa bayan wasu watanni tunda ana ƙara ƙarafa a hankali.

Gaskiya ne yana shanye data?

Bidiyon da ka kalla ne yake shanyewa. Da sabis ya yi ƙarfi YouTube da kansa yake ɗaga ingancin hoton, kai kuma ka kalli goma a lokacin da da kake kallon uku. Shiga saiti ka rage, ka hana WhatsApp sauke kayan guruf da kansa, ka duba da *323# lokaci-lokaci. Batir kam yana ci, musamman inda wayar take ta tsalle tsakanin 4G da 5G, in unguwarku haka take kulle ta a 4G ka huta.

Zan sayi ta hannu, me zan duba?

Ka tabbatar tana da n78, kuma ba a kulle take da layin wani kamfanin Amurka ba. Abin da aka buga a kwali ba hujja ba ne, sa layinka a ciki a nan gaban mai shagon, ka shiga saiti ka ga zaɓin 5G da idonka, ka karɓi rasit. Mutum ya ƙirga dubu ɗaruruwa ya bayar amma yana jin nauyin cewa a buɗe masa saiti, me ye abin jin nauyi a nan?

Da kira ya shigo sai data ta koma H ko E, wayar ce ta lalace?

Lafiyarta ƙalau. Kunna VoLTE, wato kira ta kan 4G, a saiti in wayar da layin suna ɗauka, in ba sa ɗauka haka za ta riƙa sauka ta amsa kira ta dawo.

Wa zan kai wa ƙara?

Ba ni ba, dan Allah, ni waya nake sayarwa ba ni da ƙarfe ko ɗaya. Kira 300 daga layin, lambar duk kamfanoni ce yanzu, ka faɗi sunan unguwa da layin da kake da lokacin da abin yake faruwa, ka ce lallai a ba ka lambar ƙorafi ka rubuta ta. Ba su gyara ba ka kira NCC a 622, kyauta ne, za su tambaye ka wannan lambar. Kuma kar ka yi kai kaɗai, ku haɗu mutum ashirin na layinku kowa ya kira, ƙorafin unguwa guda ya fi na mutum ɗaya saurin kaiwa ga injiniya, zagi a Facebook kuwa babu mai shigar da shi a rajista. In ka gaji gaba ɗaya, tun 2013 doka ta ba ka damar komawa wani kamfanin da lambarka ba tare da ka canza ta ba, ka je ofishin wanda kake so ka koma da NIN ɗinka da layin, amma shi ma ka ari layinsu ka gwada a ɗakinka kafin ka tafi.