Kafin a raba ƙaramin yaro da mai renonsa

Yaro ya daina fitsarin kwance, sai aka raba shi da uwarsa, ya koma yi. Wani ya kama tsotsar yatsa, wani ya yi gum ya ƙi magana. A gida sai a ce shagwaɓa ce, a ɗauko bulala. Mu ma'aikatan lafiya muna roƙo a ajiye ta, domin an daɗe da gano tushen wannan hali.

Wadda ta bi diddiginsa ita ce Anna Freud, autar shahararren likitan tunani Sigmund Freud, masaniyar halayyar yara. An haife ta a Viyana, babban birnin Ostiriya, a 1895, ta tsere Landan da mahaifinta a 1938 saboda 'yan Nazi. A 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Jamus na ruwan bama-bamai a Landan, ita da abokiyar aikinta Dorothy Burlingham suka buɗe gidajen renon yaran da yaƙi ya ɗaiɗaita a unguwar Hampstead. Ma'aikatansu kullum suna rubuta abin da suka gani. Sai aka lura cewa yaron da ke jikin uwarsa, muddin hankalinta a kwance yake, ƙarar bam ba ta cika gigita shi ba. Wanda aka kai wuri mai aminci ba tare da ita ba, shi ya fi shiga damuwa. Tsarin da suka bi shi ne: yara kamar huɗu ga mai reno ɗaya da ba a canza ta, iyaye kuma su zo duk lokacin da suka samu dama.

Maganar ba ta tsaya nan ba. James Robertson, wanda ya yi aiki a gidajen, ya ɗauki fim a 1952 na wata 'yar shekara biyu da aka kwantar a asibiti ba uwarta, kuma a 1959 rahoton Platt, na wani kwamiti da gwamnati ta kafa, ya ce asibitocin Birtaniya su daina hana iyaye ganin 'ya'yansu. Daga baya Anna ta yi aiki da masana shari'a a Jami'ar Yale ta Amurka kan riƙon yara bayan mutuwar aure. Ta nuna musu cewa makon da babba ke gani kamar yau da gobe, ga ɗan shekara biyu ba shi da iyaka.

A nan nake ganin maganarta ta shafe mu. Yaye a gidan kaka al'ada ce mai kyau in yaron ya riga ya saba da kakar. Ɗauke shi dare ɗaya a kai shi hannun da bai sani ba shi ne matsalar. In aure ya mutu, ko an yi gudun hijira, ko uwa ta kwanta jinya, a damƙa shi ga mutum ɗaya da ya sani, kada a riƙa yawo da shi gida-gida. A faɗa masa gaskiya daidai hankalinsa, kada a sulale yana barci, a bar masa zanen goyonsa.

In ya ƙi cin abinci, yana ramewa, ko firgitar dare ta ƙi lafawa bayan 'yan makonni, a kawo shi asibiti mafi kusa.