Su wane ne ke ziyartar furannin lambun gida?

Duk ƙwaro mai ratsin baƙi da rawaya ƙudan zuma ne?

A'a. Ƙudan zuma fukafukansa huɗu ne, jikinsa da gashi, kuma sau da yawa za ka ga dunƙulen garin fure a ƙafafunsa na baya. Akwai wani ƙuda mai kama da shi, amma fukafukansa biyu, idanunsa manya, yana tsayawa cak a iska. Wannan ba ya harbi. Rina kuwa ƙugunta siriri ne, jikinta sumul.

Babban baƙin nan mai ƙugi da ke huda busasshen itace fa?

Shi ma dangin ƙudan zuma ne, kuma ina roƙon a daina kashe shi. Furen tumatir da na gauta ba sa sakin garinsu sosai sai an girgiza su. Shi ke rungumar furen ya karkaɗa jikinsa har garin ya zubo, abin da ƙudan zuma bai iya ba.

Yaya zan gane malam-buɗe-littafi da nake gani?

Duba shukar da yake kewayawa. Mai launin ruwan goro da baƙin gefe da ɗigon fari, a kan tumfafiya yake saka ƙwai. Tsutsarsa na cin ganyen, dafin ya zauna a jikinta, shi ya sa tsuntsaye ke ƙyale shi. Babba baƙi mai ɗigon rawaya kuwa na lemun tsami ne; tsutsarsa tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take. Takan ci ganye, gaskiya ne, amma babbar bishiya ba ta jin komai. Dashen da bai yi ƙarfi ba kaɗai za a tsince wa da hannu.

Da dare akwai masu zuwa?

Sosai. Jemagu ne ke yi wa kuka da ɗorawa aikin kai gari daga fure zuwa fure.

Kabewata na fure amma 'ya'yan na zubewa. Me ya sa?

Sau da yawa rashin masu kai gari ne daga furen namiji zuwa na mace, wanda ake ganewa da ɗan ƙullutu a gindinsa. Furen da safe yake buɗewa, kafin azahar ya rufe, don haka kada a yi feshin magani a lokacin. In ƙwarin sun yi ƙaranci, tsinko furen namiji da sassafe ka goga cikinsa a na macen.